Binciken GWAS

GWAS hanya ce ta ƙididdiga da masana ke bi don gano sauye-sauyen DNA masu alaƙa da cututtuka irin su ciwon sukari, hawan jini da ciwon zuciya. Sikila sauyi ne a ƙwayar gado guda ke haddasa ta. A cututtukan da aka fara ambata kuwa ɗaruruwan ƙananan sauye-sauye ne ke taruwa, kowanne da ɗan tasirinsa, ga kuma abinci da yanayin rayuwa.

Ana ɗibar jini ko yawu daga masu cutar da kuma lafiyayyu, a duba dubban ɗaruruwan wuraren da harafi guda na DNA ke bambanta tsakanin mutane, a ga wanne ya fi yawa a wajen masu cutar. Da yake gwajin na da yawa, dace kaɗai kan iya nuna alaƙar da babu ita, shi ya sa ba a amincewa da sakamako sai yiwuwar samunsa bisa dace ta gaza 5 cikin miliyan 100. Dole kuma a cire tasirin bambancin asalin zuriya a lissafin.

A 2007 masu bincike a Birtaniya, da tallafin Wellcome Trust, suka kwatanta marasa lafiya 14,000 masu cututtuka bakwai da wasu mutane 3,000. Abin damuwa shi ne akasarin waɗanda ake bincika 'yan asalin Turai ne, alhali babu nahiyar da ta kai Afirka yawan bambancin gado. Wani shiri mai suna H3Africa ya yi ƙoƙarin cike wannan giɓi.