Ƙwayar Sola: Tarihin Sinadaran da ke Mayar da Hasken Rana Lantarki

Ƙwayar sola ita ce siririn fallen da ke mayar da hasken rana wutar lantarki kai tsaye, ba inji, ba mai. Irinta 60 ko 72 ake jerawa a ƙarƙashin gilashi a samu farantin sola, wanda ake gani a kan rufin gidaje da rijiyoyin burtsatse. Sanin cewa haske na iya haifar da lantarki tsohon ilimi ne. Abin da ya ci wa masana fiye da ƙarni guda shi ne samun sinadarin da zai yi aikin da arha, ya kuma jure rana da ruwan sama shekara da shekaru.

A 1839 Edmond Becquerel, ɗan shekara 19, ya lura a ɗakin gwaje-gwajen mahaifinsa a Faris cewa lantarki na fitowa idan haske ya sauka a kan ƙarfen da aka tsoma cikin ruwan sinadari. A 1883 Charles Fritts na Amurka ya shafa wa seleniyam ɗan zinari ya haɗa ƙwaya ta farko mai tauri, amma kashi 1 cikin 100 kacal na hasken take mayarwa lantarki. Einstein ya bayyana yadda haske ke fizgo ƙwayoyin lantarki daga jikin ƙarfe a 1905. Bayani ya samu, sinadari bai samu ba.

Silikon ne ya warware matsalar. Ba tsada gare shi a asali ba, domin a cikin yashi da farin dutse yake, sai dai wahalar tana wajen tacewa. Ana narka farin dutsen tare da gawayi a tanderun lantarki, a sake tace abin da ya fito har tsarkinsa ya kai kashi 99.9999 cikin 100. Daga nan a narka shi a zafin da ya haura digiri 1,400, a tsoma ɗan ƙaramin iri a ciki, a riƙa jan sa sama a hankali ana juyawa, har ya fito dogon gungume, a yayyanka shi fallaye da kaurinsu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Wannan dabarar ja ta Jan Czochralski ce, ɗan ƙasar Folan, tun 1916. Ana ba da labarin cewa alƙalaminsa ya tsoma cikin narkakken kuza bisa kuskure maimakon tawada, da ya cire sai ya ga zaren ƙarfe ya biyo baki.

A 1940 Russell Ohl na ɗakin binciken Bell Labs a Amurka yana gwada wani guntun silikon mai tsaga a tsakiya, sai ya ga allurar ma'auninsa tana tsalle duk lokacin da haske ya haska guntun. Ashe ƙazantar da ke ɓangarorin biyu ce ta bambanta, iyakar da ke tsakaninsu kuma ita ke tura ƙwayoyin lantarki gefe guda. A kan wannan iyaka aka gina kowace ƙwayar silikon har yau. Fiye da shekara goma bayan haka, Daryl Chapin na neman abin da zai ba wayar tarho wuta a ƙauyuka masu zafi da laima, inda batir ke saurin mutuwa. Ya haɗu da Calvin Fuller, masanin haɗa sinadarai wanda ya iya shigar da boron cikin fatar silikon, da Gerald Pearson. Ranar 25 ga Afrilu, 1954 suka nuna wa 'yan jarida ƙwaya mai ba da kashi 6 cikin 100.

Kasuwa ba ta karɓe ta ba, don tsadarta ta fi ƙarfin gida da masana'anta. Masu harba tauraron ɗan Adam ne suka riƙe ta, su da ba sa tambayar farashi. Vanguard 1, wanda aka harba a 1958, ya yi ta aiko saƙo da wutar rana har 1964. A 1961 William Shockley da Hans Queisser suka lissafa cewa ƙwaya mai iyaka ɗaya ba za ta wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na hasken ba, kome gwanintar mai ƙera ta.

Rikicin man fetur na 1973 ya dawo da hankalin gwamnatoci ƙasa. Amurka ta buɗe cibiyar binciken makamashin rana a jihar Kolorado a 1977, lokacin da wat ɗaya na ƙwayar sola ke kai dala 76. Amma babban ci gaban ya fito ne daga Ostireliya. Martin Green da ɗalibansa a Jami'ar New South Wales da ke Sidni sun ɓullo da ƙirar PERC a 1983: a shafa wa bayan ƙwayar wani siririn rufi da ke hana lantarki zurarewa, yana kuma mayar da hasken da ya wuce. Ɗaya daga cikin ɗaliban Green, Shi Zhengrong, ya koma Sin ya kafa kamfanin Suntech a birnin Wuxi a 2001. Jamus kuwa ta yi doka a 2000 da ta tabbatar wa mai sola farashi mai kyau idan ya sayar da wutarsa. Jamus na saye, Sin na ƙerawa, farashi ya yi ta faɗuwa har wat ɗaya ya koma ƙasa da santi 20. Yanzu fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙera farantan duniya a Sin ake yi.

An sha yi wa silikon kishiya. Wasu sun gwada shafe-shafe sirara a kan gilashi, kuma a cikinsu haɗin kadmiyam da teluriyam na kamfanin First Solar ne ya tsaya da ƙafarsa. Kamfanin Solyndra, da ya dogara da wani haɗin daban, ya durƙushe a 2011 saboda arhar silikon ta riga shi. A 1991 Brian O'Regan da Michael Grätzel sun fito da ƙwaya mai amfani da rini, wadda ba ta yi nisa a kasuwa ba, amma ta buɗe ƙofa ga ferobskait.

Sunan ya samo asali daga wani ma'adini da Gustav Rose ya bayyana a 1839 daga tsaunukan Ural na Rasha, aka sa masa sunan Lev Perovski. Wanda ake sola da shi ba haƙo shi ake yi ba, haɗa shi ake yi da dalma da aidin da wasu sinadarai a bisa tsarin wancan ma'adinin. Tsutomu Miyasaka na Japan ya sa shi a madadin rini a 2009 ya samu kashi 3.8, sai dai ruwan da ke cikin ƙwayar yana narkar da shi cikin mintuna. A 2012 ayarin Nam-Gyu Park na Koriya ta Kudu tare da Grätzel, da na Henry Snaith a Oksfod, suka kawar da ruwan suka kai wajen kashi 10. Yau ya haura 26, tafiyar da silikon ya yi shekara fiye da 50 yana yi. Ga shi ba ya buƙatar tanderu: ruwa-ruwa ake shafa shi kamar fenti, a busar a zafin da bai fi digiri 150 ba. Idan aka ɗora shi a kan silikon, shi ya kama shuɗin haske, silikon ya kama ja, sai a tsallake iyakar Shockley da Queisser. Kamfanin LONGi na Sin ya kai kashi 33.9 da irin wannan tagwayen ƙwaya a 2023, Oxford PV kuma ya fara sayar da faranta daga masana'antarsa ta Jamus a 2024.

Cikas biyu suka rage. Na farko dalma, wadda duk wanda ya tuna yaran da gubarta ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba zai raina batunta ba, ko da yake kaɗan ce a kowane faranti. Na biyu ƙarko, domin zafi da laima da hasken kansa suna lalata ferobskait. Alƙaluman da ake yayatawa a digiri 25 ake auna su, alhali faranti a rufin kwano a Sakkwato ko Agadas yakan wuce digiri 60 da tsakar rana. Silikon ma ƙarfinsa na raguwa a irin wannan zafi, amma da yamma ta yi yakan dawo yadda yake, kuma masu ƙera shi na ba da garantin shekara 25. Har yanzu kusan kashi 95 cikin 100 na farantan da ake sayarwa a duniya na silikon ne.