Asalin Bambancin Ranar Kirsimeti Tsakanin Kaduna da Habasha

A Barnawa da sauran unguwannin kudancin kogin Kaduna, ranar 25 ga Disamba Kiristoci ke bikin Kirsimeti, ana ta kai wa maƙwabta shinkafa da kaji. A Habasha kuwa sai 7 ga Janairu ake bikin, wanda suke kira Genna. Lissafin kalanda ne ya haifar da wannan tazara ta kwana 13.

Addinin Kirista ya kafu a Habasha tun ƙarni na 4, lokacin da Sarki Ezana na Aksum ya karɓe shi ta hannun Frumentiyus, wanda shugaban cocin Iskandariyya ya naɗa bishop. Daga nan cocin Habasha ya zauna ƙarƙashin na Kibɗawan Masar har 1959, kuma tsarin kalandarsu iri ɗaya ne: wata 12 masu kwana 30, sai ɗan gajeren wata na 13 mai kwana 5 ko 6. A wannan lissafi, haihuwar Almasihu kan faɗo a ƙarshen watan Tahsas.

A kan wannan tushe al'adun bikin suka ginu. Mabiya cocin Orthodox kan yi azumin kwana 43 ba nama ba madara, sannan su kwana a coci sanye da fararen mayafai. Idan gari ya waye a yanka kaza, a yi miyar doro wat mai yaji, a ci da injera. Yara da samari su fita fili da sanduna masu lanƙwasa suna buga ƙwallon itace, wasan da ake dangantawa da murnar makiyaya a daren haihuwar. Taro mafi girma a Lalibela ake yin sa, inda aka sassaƙa majami'u 11 cikin dutse wajen ƙarni na 12 zuwa na 13.

Rabuwar ranakun bikin ta faro ne a 1582, da Paparoma Gregory na 13 ya gyara kalandar Turai ya zubar da kwana 10. Ingila ta bi sahu a 1752, Habasha kuwa ta riƙe tata. A hankali tazarar ta ƙaru zuwa kwana 13. Sabuwar kalandar ce Turawan mishan da na mulkin mallaka suka shigo da ita Najeriya.

Ƙungiyar mishan ta SIM ta iso Najeriya a 1893, daga aikinta cocin ECWA ya fito. Ita ce kuma ta shiga Habasha a 1927, inda aikinta ya haifi cocin Kale Heywet. Tsatsonsu ɗaya, amma mabiya ECWA na biki a Disamba, takwarorinsu na Habasha kuma na jira sai Janairu, domin a can mishan ta tarar da ƙasa mai kalandarta, ta bi ta.