Tarihin Kafuwar Boys' Brigade: Daga Glasgow Zuwa Majami'unmu

A shekarar 1883, a unguwar North Woodside ta birnin Glasgow a ƙasar Sikotlan, wani malamin makarantar Lahadi mai suna William Alexander Smith ya rasa yadda zai yi da ɗalibansa. Samari ne 'ya'yan leburori, sun fara ƙarfi, ba sa jin kira ba sa jin tsawa, rabin lokacin darasi a raba faɗa yake ƙarewa. Da zarar yaro ya fara jin kansa namiji kuwa, sai a neme shi a majami'a a rasa. Abin da ya fi damun Smith shi ne, ran Asabar yana hafsa a rundunar sojan sa-kai, ƙarti majiya ƙarfi suna bin umarninsa ba gardama, amma ran Lahadi 'yan yara sun gagare shi.

Smith ya san maraici. An haife shi a Thurso, can arewacin Sikotlan, a 1854, mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara goma sha uku, aka kai shi Glasgow hannun kawunsa ɗan kasuwa. Wanda wani namiji ya riƙe bayan ubansa ya kau, ba sai an gaya masa abin da yaro yake nema ba.

Smith ya kai shawarar kafa wa yaran ƙungiya mai horo irin na soja wurin abokansa biyu, wa da ƙane, James Hill da John Hill, su ma sojan sa-kai ne kuma malaman makarantar Lahadi. Ran 4 ga Oktoba 1883 su ukun suka buɗe ƙofar Boys' Brigade. Yara 59 suka ba da suna; da suka ga dokar ba ta wasa ba ce, 35 suka rage. Wanda ya makara ba ya shiga layi, wanda ya yi fashi ba dalili a sallame shi. Kayan sarki ba su wuce hula da ɗamara da farar jakar rataye ba, a kan tufafin da yaro ya zo da su daga gida, don kada talauci ya hana kowa shiga. Tambarinsu anka ce, ƙarfen nan da ake jefawa cikin teku ya riƙe jirgi, daga Ibraniyawa 6:19 aka ɗauko ta.

Masu kallo daga nesa fareti suke gani, har wasu limaman coci na lokacin suka yi suka, suka ce ana koya wa yara son yaƙi, musamman da aka ba su bindigogin katako. Sukar tana da tushe, ba a raina ta. Sai dai a ganina faretin ƙofa ce kawai. Abin da ke cikin ɗakin shi ne ajin Littafi Mai Tsarki, da ɗakin hira da aka buɗe wa yaran da maraice, da babban mutum wanda ya san sunan kowane yaro, ya san gidansu, in bai gan shi ba ya bi sawu. A 1886 Smith ya kai su sansani a Tighnabruaich, bakin teku, iyaye mata suna ta fargaba. Can hafsa da yaro suka ci abinci ɗaya, suka yi addu'a tare. Su kansu hafsoshin zumunci ya ƙullu tsakaninsu, domin aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Daga nan abin ya bazu kamar wutar daji: Ingila, Ailan, Amurka, har ƙasashen Afirka. A 1888 Smith ya bar kasuwanci ya zama sakataren ƙungiyar na cikakken lokaci. Shi ne ya ƙarfafa wa Baden-Powell gwiwa ya sake rubuta littafinsa na soja domin yara, abin da ya haifar da ƙungiyar Sikawut. An ba Smith sarautar Sir a 1909, ya rasu ran 10 ga Mayu 1914. A 1926 aka haɗe ƙungiyar da wata mai suna Boys' Life Brigade, shi ya sa ake ganin jan gicciye a bayan ankar. Duk wannan ɗaukaka ba ta sa Smith ya saki yaransa na farko ba. Har ya koma ga Ubangiji shi ne kyaftin na kamfani na ɗaya a Glasgow, shekara talatin cur.

Ƙungiyar ta iso Najeriya a 1908, ta fara da Legas, daga baya ta hauro Arewa. Yau a ikkilisiyoyin ECWA da COCIN da EYN da Angilikan, babu wanda bai san 'yan Birged ba. Su ne masu ganga da bigila ran Kirsimeti, su ne ke raka gawa, kuma tun da aka fara kai wa majami'u hari, sau da yawa su ne ke tsaye a bakin ƙofa suna duba masu shiga, mu muna ciki muna sujada.

Abin da ke damuna ke nan. Mun iya aiken yaran nan, mun iya tafa musu in sun yi fareti, amma a wurare da dama hafsa ɗaya ko biyu aka bari da yara masu yawa, wasunsu marayu ne da rikici ya cinye iyayensu. 'Yan'uwa na Zumuntar Maza, ku da dattawan ikkilisiya, a taronku na gaba ku kira kyaftin, ku tambaye shi yara nawa ke hannunsa da hafsoshi nawa, sannan ku fid da mutane daga cikinku ku ba shi.