Katolika da Jibin Ubangiji a Majami'un Furotesta

Dokar ɗarikar Katolika ta hana mabiyanta karɓar Jibin Ubangiji daga hannun faston Furotesta, kuma hanin ya samo asali ne daga rabuwar da aka yi a Turai a ƙarni na 16. Tun a babban taron Lateran na 1215 Katolika suka tsaya a kan cewa idan fada ya keɓe gurasa da ruwan inabi, ainihinsu kan juye ya zama jikin Almasihu da jininsa, ko da kamanni da ɗanɗano ba su sauya ba. Masu gyaran addini suka ƙi wannan bayani, amma su ma bakinsu bai zo ɗaya ba. A zaman Marburg na 1529, Martin Luther ya rubuta kalmomin da Yesu ya faɗa a kan gurasa da alli a jikin tebur, ya dage Almasihu yana nan da gaske, shi kuwa abokin muhawararsa Zwingli ya ce tunawa ce. Aka tashi baram-baram. A 1551 taron Trent ya sake jaddada matsayin Katolika, ya la'anci saɓaninsa.

Sai dai abin da ya fi riƙe hanin shi ne batun wanda ke keɓewar. A wurin Katolika, sai wanda bishop ya naɗa, bishop ɗin da silsilarsa ta kai ga manzanni, shi ke da wannan iko. Shi ya sa hukuncin Paparoma Leo na 13 a 1896, cewa naɗin Angilikan bai inganta ba, ya yi nauyi ƙwarai, duk da cewa sujadarsu ta yi kama da ta Roma. Kundin dokokin coci na 1917 ya hana ma shiga a dama da kai a ibadar waɗanda ba Katolika ba.

Babban taron Vatican na biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya sassauta. Ya kira Furotesta 'yan'uwa, ya amince da baftismarsu, ya buɗe ƙofar yin addu'a tare. Teburin Jibin kuwa aka bar shi yadda yake. Doka ta 844 a kundin 1983 ta yarda ɗan Katolika ya karɓa a wata coci idan larura ta kama kuma ba shi da hanyar samun fadansa, amma sai inda Roma ta yarda da ingancin naɗi, kamar majami'un Otodoks. Furotesta ba sa cikin wannan rangwame. Paparoma John Paul na 2 ya maimaita hakan a wasiƙarsa ta 2003. Ɗan Katolikan da ya halarci biki ko jana'iza a cocin Furotesta yakan zauna a kujerarsa, ko ya bi layi ya harɗe hannuwa a ƙirji, fasto ya sa masa albarka.

Yawancin Furotesta suna ganin teburin na Ubangiji ne, don haka suna gayyatar duk mai baftisma. Wannan gayyata ce ke jefa Katolika cikin tsaka mai wuya. A Disambar 1997 shugabar ƙasar Ireland, Mary McAleese, 'yar Katolika, ta karɓi Jibin a babbar cocin Angilikan ta Christ Church da ke Dublin, manyan malaman ɗarikarta suka yi mata ca. A Jamus, inda auratayya tsakanin ɗarikun biyu ta yi yawa, an dakatar da wani fada bayan ya karɓa a sujadar Furotesta lokacin babban taron haɗin kai na Berlin a 2003. A 2019 wani kwamitin masana tauhidi na ɓangarorin biyu a ƙasar ya ba da shawarar kowa ya iya zuwa teburin ɗan'uwansa bisa lamirinsa. A shekarar da ta biyo baya ofishin kula da aƙida na Vatican ya yi watsi da shawarar, yana cewa saɓanin da ke tsakani a kan Jibin da kuma naɗi bai kau ba.