Gidan Blickling Da Tambayar Wane Zamani Ake Karewa

Gidan Blickling da ke gundumar Norfolk a gabashin Ingila ya shahara a matsayin ginin farkon ƙarni na 17, kuma da wannan sunan ake tallata shi. Hujjar wannan maƙala ita ce sunan ya taƙaita gaskiya: abin da doka ke karewa a yau aikin zamunna ne da dama, waɗanda jan bulo ya haɗe su har ido ya kasa ganin mahaɗinsu. Babban alƙali Sir Henry Hobart ya sayi wurin a 1616, ya ɗauko Robert Lyminge, wanda ya yi aikin gidan Hatfield, ya ba shi ginin. Amma ba fili fetal Lyminge ya tarar ba. Akwai tsohon gida da dangin Boleyn suka taɓa mallaka, kewaye da gwalalo, kuma iyakar gwalalon ce ta tilasta masa tsara gida mai ƙuntataccen faɗi da tsawon ciki, da tsakar gida biyu. Tun ranar farko, ke nan, sabon ginin bashi yake ci daga tsohon.

Zaɓen bulo ba ado ba ne kawai. Norfolk na da yumɓu, ba ta da dutsen sassaƙa mai kyau, don haka aka keɓe dutse ga bakin tagogi, kusurwoyi da ƙofar shiga, aka bar sauran ga bulo. Wannan ne ya sauƙaƙa aikin da ya biyo baya. A shekarun 1760 da 1770, John Hobart, wanda ya yi jakadanci a Rasha zamanin Sarauniya Katarin, ya sa Thomas Ivory da ɗansa William, magina daga Norwich, su sake ɓangarorin yamma da arewa, su kuma mayar da babbar matattakala zuwa zauren tsakiya. A lokacin, masu hali a Ingila salon Rumawa suke yayi, da yawansu ma rushe irin wannan gida suke yi. Su Ivory kuwa sun bi sawun Lyminge, suka daidaita sabon bango da hasumiyoyin kusurwa da suka gada. A ganina wannan shi ne abu mafi daraja a tarihin gidan, fiye da labarin fatalwar Anne Boleyn, 'yar dangin da suka taɓa mallakar wurin, da ake jan baƙi da shi.

Za a iya cewa kwaikwayo jabu ne, kuma rashin kuɗi ne ya hana John Hobart rushewa, ba ƙaunar tarihi ba. Batun kuɗi yana da ƙamshin gaskiya, tunda kayan adon da matarsa ta fari ta bari a wasiyya sun taimaka wajen biyan aikin ɓangaren yamma. Sai dai mai neman sauƙi ba zai ɗauki wahalar kwance matattakala ya sake harhaɗa ta da ƙari a wani wuri ba. Kuma a cikin gida bai ɓoye zamaninsa ba: ɗakin da ya tsara domin saƙaƙƙen hoton sarkin Rasha Bitrus Mai Girma a yaƙin Poltava, kyautar Katarin, salon ƙarni na 18 ne tsantsa. Wanda ya bambanta ciki da waje haka ya san abin da yake yi.

Kariyar kanta wani zamani ne da ya bar alama. Philip Kerr, Lod Lothian, ya yi kira a 1934 da a buɗe wa ƙungiyar National Trust hanyar karɓar manyan gidajen karkara da harajin gado ke durƙusarwa, kuma dokar 1937 ta tabbatar da hakan. Da ya rasu a 1940 yana jakada a Amurka, sai Blickling ya koma hannun ƙungiyar tare da gonakinsa da ɗakin karatunsa mai littattafai sama da 12,000, alhali hafsoshin sojan sama na sansanin Oulton ne suka zauna a cikinsa a shekarun yaƙi.