Tarihin Ƙin Allurar Rigakafi a Kano, 1996 zuwa 2020

Ƙin rigakafi a Kano, musamman ɗigon shan inna, ya kai ƙololuwa a 2003 da 2004, lokacin da gwamnatin jihar ta dakatar da aikin kusan shekara guda. Marubuta da dama, galibi na ƙasashen waje, suna fara labarin daga 2003 su ɗora laifin a kan jahilci. Wanda ya bi takardun zai ga sai an koma shekara bakwai baya.

A farkon 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke a arewacin Najeriya, ta hallaka mutane kusan dubu 12. Ana cikin haka ne kamfanin Pfizer na Amurka ya turo ma'aikatansa Asibitin Zana da ke Kano, inda ake kwantar da masu cututtuka masu yaɗuwa, don gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kusan 200 aka sa a gwajin. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su ceftriaxone, kuma wannan na biyun ba a cika ma'auninsa yadda aka saba ba. Yara 11 suka rasu, 5 daga rukunin farko, 6 daga na biyu. Wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Har yau Pfizer na cewa cutar ce ta yi wannan ɓarna, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyayen sun ce babu wanda ya faɗa musu gwaji ake yi, ko kuma cewa a harabar asibitin, ƙungiyar likitoci ta MSF tana ba da maganin da aka sani kyauta.

Abin da ya fi muni ya fito ne daga baya. A Disamba 2000 jaridar Washington Post ta tona zancen, sannan aka gano takardar amincewar kwamitin ɗa'a ta Asibitin Koyarwa na Aminu Kano an rubuta ta ne bayan an gama gwajin, aka mayar da kwanan watanta baya. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, wanda ya kammala aiki a 2001 ya ce gwajin ya saɓa doka. Aka jefa rahoton a aljihun tebur, bai ga rana ba sai 2006, shi ma ta hannun jaridar nan ta Amurka. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna kuwa tun 1993 aka kafa ta, amma ba ta tsare yaran Kano ba. Shi kansa Trovan, a 1999 Amurka ta taƙaita amfani da shi saboda yana lalata hanta, Turai ta dakatar da shi.

Saboda haka da Dakta Ibrahim Datti Ahmed, shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci kuma likita, ya ce a 2003 an gurɓata ɗigon shan inna da sinadarin hana haihuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau, kunnuwa sun riga sun buɗe. Ga yaƙin Iraƙi da ya fara a Maris 2003, ga tsohon tsarin gwamnatin Babangida na 'ya'ya huɗu ga mace ɗaya. Ga kuma tambayar da magidanta suke yi a bakin zaure: zazzaɓi da ƙyanda suna kashe yara, a asibiti sai an sayi ko da allura, me ya sa wannan kaɗai ake kawowa har gida kyauta? Zargin gurɓatawar bai tabbata ba, amma wannan tambaya ba a taɓa ba ta amsa mai gamsarwa ba.

Majiyoyi sun saɓa kan watan da aka fara ƙauracewar da yawan jihohin da suka shiga. Abin da babu gardama a kansa shi ne Kano, Zamfara da Kaduna sun dakatar, kuma Kano ce ta fi daɗewa. Kwamitoci sun yi gwaje-gwaje a gida da waje, kowane ɓangare ya riƙe sakamakon da ya yi masa daɗi. Gwamna Ibrahim Shekarau ya amince a koma aiki a ƙarshen Yuli 2004, da maganin da aka sarrafa a Indonesiya, ƙasar Musulmi. Kafin nan cutar ta tsallaka iyaka, daga bisani ta kai ƙasashe kusan 20, har da Sudan, Yaman da ita Indonesiyar. A 2006 yaran da suka kamu a Najeriya sun haura dubu.

Kan batun gwajin Trovan kuwa, Kano ta maka Pfizer a kotu a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75. Sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne, bayan gwajin DNA na tabbatar da dangantaka.

Shigowar sarakuna cikin aikin rigakafin ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ta rage ƙin sosai, ko da yake a Fabrairu 2013 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafi mata tara a Kano. A Borno aka ga ƙwayar shan inna ta asali karo na ƙarshe, a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.