Tarihin Kalmar "Arabesque": Adon Musulmi a Bakin Turawa

Duk wanda ya buɗe littafin Ingilishi da ke bayanin masallatan Alƙahira ko fadojin Andalus, ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da kalmar "arabesque", wadda da ita Turawa suke kiran adon nan na rassa da ganyaye da ake sassaƙawa a jikin bango, ko ƙofa, ko mumbari, har ya lulluɓe wurin baki ɗaya. Asalinta daga Italiya ne, inda ake cewa "arabesco" ko "rabesco", wato abin da aka yi irin na Larabawa. Daga can ta shiga Faransanci, daga Faransanci kuma Ingilishi ya aro ta. Amma wanda ya bi sawunta zai tarar ta daɗe tana yawo nesa da abin da aka ƙago ta dominsa, har an yi zamani mai tsawo ana kiran wani ado da ita alhali babu hannun Balarabe ko ɗaya a cikinsa.

Shi adon kansa ya girmi sunan da ɗaruruwan shekaru. Sa'ad da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya gina Ƙubbatus Sahra a Baitul Maƙdis, a shekara ta 72 bayan Hijira, gwanayen da suka ƙawata cikinta da ƙananan gilasai masu launi magadan sana'ar Rumawa da Farisawa ne, kuma abin da suka jera, wato ganyaye masu murɗewa da ke fitowa daga tuluna, duk wanda ya san majami'un Rum na lokacin zai shaida shi. Bambancin dai shi ne babu surar mutum ko ta dabba ko guda. Bayan kimanin shekara hamsin aka fara wata fada a hamadar Urdun, wadda ake kira Mushatta, aka kuwa bar ta ba a gama ba. A fuskar wannan fada akwai abin lura ƙwarai: a hagun ƙofa an sassaƙa rassan inabi da tsuntsaye da zakoki a tsakaninsu, amma a dama, inda bangon ya haɗu da masallacin fadar, sai rassa da ganyaye kaɗai. Wannan bango yanzu yana Balin, domin Sarkin Musulmin Usmaniyya Abdulhamid na Biyu ya ba Sarkin Jamus kyautarsa a 1903.

Inda adon ya zama na Musulmi sosai, har ba mai iya jingina shi ga wasu, shi ne Samarra, birnin da Halifa Mu'utasim ya kafa a bakin kogin Dijla a 836. Gari ne da ya tashi da gaggawa, bangaye masu yawa na jiran shafe, saboda haka magina suka koma yanka farar ƙasar shafe a karkace, suna maimaita siffa guda, har ta kai mai kallo ba ya iya raba ganye da reshe, ko ado da filin da ke bayansa. Ahmad ɗan Ɗulun, wanda ya taɓa zama a Samarra, ya kai wannan salo Masar, yana nan a bakunan masallacinsa da aka gama a 879. Ƙa'idar abin kuwa ita ce ganye ya rabu biyu, reshe ya fito daga bakinsa, reshen ya murɗe ya sake zama ganye, kamar yaɗon duma a kan danga, ta yadda iyakar bango ce kaɗai ke tsayar da shi, da za a ƙara bangon da ya ci gaba. Larabawa suna kiransa "tauriƙ", daga kalmar ganye, Farisawa kuma "islimi".

An sha faɗa cewa hanin yin sura shi ne ya haifi wannan ado, kuma bangon Mushatta ya nuna lalle akwai gaskiya a ciki. Amma a ganina wanda ya tsaya nan ya tauye wa waɗannan gwanaye haƙƙinsu, domin hani yana gaya wa mutum abin da zai bari ne, ba ya koya masa yadda zai raba da'ira da lissafi, ko yadda zai sa reshe ya ratsa bayan rubutun Kufi ba tare da ya danne harafi ɗaya ba. Wannan ilmi ne na handasa da haƙuri, wanda uba ya koya wa ɗa, ɗa ya ƙara a kai.

Turai ta san shi ta hanyar fatauci. Birnin Fenis, wanda Larabawa ke kira Bunduƙiyya, ya daɗe yana ciniki da Masar da Sham a zamanin Mamaluka, jiragensa suna komowa da darduma, da littattafai masu bangon fata, da tasoshin tagulla da aka cusa wa azurfa, wasu ma ɗauke da sunan maƙerinsu, kamar Mahmudu Bakurde. Masu ɗaure littattafai da maƙeran zinariya na Italiya suka kwaikwaya, masu ɗab'i kuma suka buga littattafan zane domin masu ɗinki da maƙera: na Francesco Pellegrino a Faris a 1530, na Thomas Geminus a Landan a 1548. A fadar Ingila ma mai zane Holbein ya zana wa Sarauniya Jane Seymour ƙoƙon zinariya mai ɗamarar irin wannan ado. Ingilawan lokacin sun fi ce masa "moresque", wato na Magaribawa, ko "rebeske", kuma da wannan ta biyun ne ƙamus ɗin Cotgrave na 1611 ya fassara kalmar Faransanci.

Daga nan ne rikicin ya faro. A ƙarshen ƙarni na 15 mutanen Rum suka gano ɗakunan fadar Sarki Nero binne a ƙarƙashin ƙasa, bangayensu cike da zanen siraran rassa waɗanda mutane da tsuntsaye da dodanni ke fitowa daga cikinsu. Da yake ta rami ake shiga, kamar kogo, sai aka kira salon "grottesca", daga kalmar kogo, mai zane Rafayel da almajiransa kuma suka ƙawata barandar fadar Fafaroma da shi wajen 1519. To, tun da duka biyun rassa ne masu murɗewa, sai sunayen suka cakuɗe a bakin mutane, kuma da kalmar "grotesque" ta koma nufin abu mai muni, sai Faransawan ƙarni na 18 suka riƙa kiran adon Nero da Rafayel "arabesque", Ingilawa suka bi su. Ta haka bangon da ke ɗauke da gumakan Rumawa da birai da 'yan mata masu fukafukai ya amsa sunan Larabawa, abin da ya saɓa wa tushen adon da magina Musulmi suka yi ƙarnuka suna gyarawa a masallatansu.

Mutum biyu ne suka fi taimakawa wajen mayar da kalmar gidanta. Owen Jones, wani magini na Ingila, ya zauna a fadar Alhamra ta Garnaɗa a 1834 yana aunawa yana kwafa, tare da abokinsa Jules Goury, wanda annobar kwalara ta kashe a can cikin wannan shekarar. Littafinsa kan ƙa'idojin ado, na 1856, ya nuna wa Turawa cewa abin da suka ɗauka wasan hannu ne yana da doka da mizani. Sa'an nan Alois Riegl na Biyana, wanda ya yi shekaru yana kula da sashen saƙa da darduma a gidan tarihi, ya bi silsilar ganyen a littafinsa na 1893, tun daga furen bado na Masar ta dā, zuwa Yunan da Rum, har ya iso hannun Musulmi, ya kuma keɓe kalmar ga adon rassa kaɗai. Bisa wannan ma'ana, taurarin handasa da rubutun ado ba sa cikinta, haka nan yawancin zayyanar da malamanmu ke yi wa allo da Alƙur'ani, da dagin da ke fuskar gidajen Kano da Zariya, domin su ƙulli ne da kusurwa, ba ganye ba. Duk da haka marubuta da yawa har yau suna jibga wa kalmar kowane adon Musulmi, wannan kuwa sakaci ne da ke ɓoye bambancin aikin Fas da na Isfahan da na Hausa.

Ban da harkar gini kuwa, kalmar ta yi nata yaɗon. A rawar Turawa ta bale ita ce sunan tsayuwa a kan ƙafa ɗaya tare da miƙe ɗayar ta baya; Schumann ya sa wa wani kiɗansa na 1839 wannan suna, Debussy ya yi biyu wajen 1890, Edgar Allan Poe kuma ya haɗa ta da "grotesque" a sunan littafin labaransa na 1840. Daga bisani ta shiga Turkiyya, ƙasar da ta gaji wannan ado a masallatanta, ta zama "arabesk", sunan waƙoƙin baƙin ciki na talakawan da suka baro ƙauyuka suka cika gefen Istanbul tun daga shekarun 1960, irin na Orhan Gencebay. Manyan gari suka raina su saboda ƙamshin kiɗan Larabawa da ke cikinsu, gidan rediyo da talabijin na gwamnati kuma ya yi shekaru yana ƙin sa su, alhali kasa-kasansu suna tashi a kowace motar haya.